Shawara: Na riƙe amana, amma sa'o'ina duk sun yi mini nisa

Wani ɗan'uwa ya aiko da doguwar wasiƙa, ga taƙaitaccen abin da ta ƙunsa:

"Shekarata 43, ina da mata da 'ya'ya uku, kuma shekara 16 ke nan ina aiki a sashen lissafin kuɗi na wani kamfani. Sau biyu aka kawo mini takardun da na san akwai ƙarya a cikinsu aka ce in sa hannu, na ƙi, tun daga lokacin kuwa duk ƙarin girman da ya zo sai ya tsallake ni. A watan jiya na halarci taron tsofaffin ɗaliban makarantarmu. Wanda nake koya wa lissafi a aji yau gidajensa ba su ƙirguwa, ni kuwa har yanzu a gidan haya nake. Tun da na zauna har aka tashi ƙafafuna na ƙarƙashin tebur, don kada a ga takalmina. A ikkilisiyarmu kusan duk shaidar da ake bayarwa ta sabuwar mota ce ko sabon muƙami, ni kuwa ba ni da abin da zan tashi in faɗa. Matata ba ta taɓa yi mini gori ba, amma ina ganin gajiya a idonta. Ina fitar da zakka, ban fasa zuwa sujada ba. Shin na faɗi ne a rayuwa? Ko akwai wani zunubi da ya tare mini albarka? Mece ce ma nasara ga mai bin Almasihu?"

Ɗan'uwana, gaisuwa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu.

Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne zancen takalmin. Mutum mai shekara 43, wanda ya iya duban shugabansa a ido ya ƙi sa hannu a takardar ƙarya har sau biyu, shi ne ya kasa fito da ƙafarsa daga ƙarƙashin tebur a gaban abokan ƙuruciya. Ba dariya nake yi maka ba, domin ni ma na taɓa ƙirƙiro uzuri na ƙi zuwa irin wannan taro, a shekarun da aljihuna ba shi da nauyi, na kuma san irin zafin da kunya take da shi. Na ambata ne don ka lura cewa ma'auni biyu kake ɗauke da su. Da ɗaya ka yanke hukunci a ofis, ka zaɓi tsoron Allah a kan ƙarin girma. Da ɗayan kuma ka auna kanka a wurin taro, ka ga ba ka kai ba. Wahalar da kake sha ta fito ne daga ƙoƙarin rayuwa da su biyun a lokaci guda.

Bari in fara cire maka ƙayar da ta fi zurfi, wato zargin cewa wani ɓoyayyen zunubi ne ya tare maka albarka. Bincika kai abu ne mai kyau, in kuwa Ruhu Mai Tsarki ya nuna maka wani takamaiman laifi, ka tuba ka gyara. Amma Littafi Mai Tsarki bai yarda a karanta matsayin mutum a wurin Allah daga abin da ya mallaka ba. Wannan shi ne kuskuren abokan Ayuba, waɗanda suka dage cewa ba a shan irin wahalarsa sai da laifi, a ƙarshe kuwa su Allah ya tsauta wa, ya ce ba su faɗi gaskiya game da shi ba kamar yadda bawansa Ayuba ya yi. Almajirai ma sun yi irin wannan tambaya a Yahaya sura 9, da suka ga mutumin da aka haifa makaho suka ce zunubin wane ne, nasa ko na iyayensa, Yesu ya ce ba ko ɗaya. Dalilin rashin ƙarin girmanka kuwa ba ɓoyayye ba ne, kai da bakinka ka faɗe shi: ka ƙi yin ƙarya, waɗanda suke so a yi ta suka riƙe ka a zuciya.

Game da mece ce nasara, ina so ka koma ga labarin Yusufu ka karanta shi a hankali, domin yawancinmu mukan yi tsalle zuwa ƙarshensa. Yana da shekara 17 lokacin da labarinsa da 'yan'uwansa ya fara, yana da shekara 30 lokacin da ya tsaya a gaban Fir'auna, wato kimanin shekara 13 ya yi tsakanin bauta da kurkuku. Abin lura shi ne inda marubucin ya sa zancen nasara. A Farawa sura 39 aka ce Ubangiji yana tare da Yusufu, yana sa abin da ya taɓa ya yi albarka, alhali a lokacin bawa ne a gidan Fotifa, ko rigar jikinsa ba tasa ba ce. Aka sake maimaita maganar a ƙarshen surar, bayan an jefa shi kurkuku, kuma abin da ya kai shi kurkukun shi ne ƙin aikata mugunta, kamar yadda ƙin sa hannu ya tsayar da kai wuri ɗaya. Da a ce an tara 'ya'yan Yakubu a shekara ta goma bayan sayar da shi, ana tambayar kowa me ya mallaka, da Yusufu ne zai zo na ƙarshe.

Sai dai ba zan ruɗe ka da Yusufu ba, domin na san yadda ake wa'azi da shi: ka yi haƙuri, kai ma fadarka na nan tafe. Mai yiwuwa ta zo, mai yiwuwa kuma ba za ta zo ba, ba wanda ya isa ya yi maka wannan alkawari da sunan Allah. Saboda haka na fi so in kai ka wurin wani mutum da ba a cika ambatonsa ba, wanda aikinsa ma ya yi kama da naka, domin shi ma mutumin alƙalami da takarda ne. Sunansa Baruk ɗan Neriya, magatakardan annabi Irmiya.

Baruk ba ɗan ƙaramin gida ba ne. Ɗan'uwansa Seraiya babban jami'i ne a wurin sarki Zadakiya, kuma a zamanin da masu iya rubutu kaɗan ne, mutum irinsa yana iya neman kujera a fada. Maimakon haka ya bi annabin da kowa ya tsana. A Irmiya sura 36 ya zauna ya rubuta dukan saƙon da Allah ya ba annabin, daga bakinsa, ya tafi Haikali ya karanta wa jama'a. Aka kai littafin gaban sarki Yehoyakim, yana zaune a ɗakinsa na lokacin sanyi, wuta na ci a kasko a gabansa. Duk lokacin da mai karatu ya gama shafi uku ko huɗu, sai sarki ya sa wuƙa ya yanke wurin ya jefa a wuta, a haka har littafin ya ƙone ƙurmus. Ka yi tunanin mutumin da ya lanƙwasa baya yana wannan rubutu, aka zo aka gaya masa yadda aka yi da shi, kuma ga umarni an bayar a kama shi. Abin da Allah ya ce a yi bayan haka shi ne a ɗauko wata takardar a sake rubutawa. Baruk ya sake rubutawa, har da ƙari.

Sura 45 ta littafin, mai aya 5 kacal, saƙo ne zuwa ga Baruk shi kaɗai. Ya yi kuka cewa Ubangiji ya ƙara masa baƙin ciki a kan azabarsa, ya gaji da nishi, bai sami hutawa ba. Kukansa bai yi nisa da naka ba. Amsar da ya samu ba mai taushi ba ce: Allah ya tambaye shi ko manyan abubuwa yake nema wa kansa, ya ce kada ya nema, domin masifa na zuwa a kan kowa, amma za a ba shi ransa kamar ganima duk inda ya tafi. Urushalima ta faɗi a wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu, kujerun fadar da ake rububi a kansu suka tafi tare da fadar, Baruk da Irmiya kuwa aka tafi da su Masar ba da son ransu ba. Ba mu da labarin cewa ya yi arziki ko ya sami muƙami. Irmiya kansa ya faɗa a sura 25 cewa shekara 23 yana magana ba a saurare shi ba, ya kuma ci gaba bayan haka har wa'azinsa ya kai kimanin shekara 40. Amma yau fiye da shekara 2,500 ke nan ana karanta saƙon da Baruk ya zauna ya sake rubutawa, su kuwa manyan fadar sai mai bincike ne zai iya kawo sunayensu.

Daga nan za ka ga abin da nake ɗauka nasara ce ga mai bi: mutum ya yi aminci da abin da Allah ya damƙa masa, a wurin da ya ajiye shi, yana tafiya tare da shi har ƙarshe. Bulus ya faɗa a 1 Korintiyawa 4:2 cewa abin da ake bukata ga mai riƙon amana shi ne a same shi amintacce. Misalin talanti a Matiyu sura 25 ya fito da wannan fili. Maigida ya ba bawa ɗaya talanti 5, wani 2, wani 1, kowa gwargwadon iyawarsa. Mai biyar ya kawo biyar a kai, mai biyu ya kawo biyu, kuma yabon da aka yi musu iri ɗaya ne kalma da kalma, ba a ƙara wa mai biyar ko harafi ba. Maigidan bai tambayi mai biyu dalilin da ya sa bai kai ɗan'uwansa ba. Ka kuma sani talanti ɗaya ba ƙaramin kuɗi ba ne, ya kai ladan ɗan ƙwadago na wajen shekara 20, don haka ko wanda aka ba mafi ƙanƙanta an ba shi abu mai yawa. Kai an ba ka mata mai rufa maka asiri, 'ya'ya uku da ke kallon yadda ubansu ke rayuwa, ilimin lissafi, da suna mai tsabta. A kan waɗannan za a tambaye ka, gidajen abokinka kuwa shi za a tambaya.

Yanzu ka ba ni dama in faɗa maka abin da ba za ka so ji ba. Akwai wata jimla a wasiƙarka da ta dame ni, inda ka ce kana fitar da zakka, ba ka fasa sujada ba. Yadda ka jera ta kusa da ƙorafinka, ta yi kama da takardar neman biya, kamar ka cika naka ɓangaren yarjejeniya kana jiran Allah ya cika nasa. Wannan ita ce muryar babban ɗa a Luka sura 15, wanda ya tsaya a waje ya ƙi shiga, yana cewa shekara da shekaru yana yi wa mahaifinsa bauta bai taɓa saɓa umarninsa ba, amma ko ɗan akuya ba a taɓa ba shi ba. Yana cikin gidan ubansa amma lissafin ɗan ƙwadago yake yi. Mahaifin ya kira shi ɗa, ya tuna masa cewa kullum yana tare da shi, kuma duk abin da yake nasa na ɗan ne. Bawan da aka ba talanti ɗaya a wancan misalin, wanda ya binne shi, ma daga nan ya fara, daga ganin maigidansa mutum ne mai tsanani. Idan ka bar wannan tunani ya yi saiwa, ranar da aka kawo maka takardar ƙarya karo na uku za ka ji hannunka ya yi sauƙin ɗaukar alƙalami, domin za ka ce gaskiyar ba ta biya ka ba.

Ba kai ne na fari da ya shiga wannan hali ba. Asaf, shugaban mawaƙa, ya rubuta a Zabura 73 cewa saura kaɗan ƙafarsa ta zame don ƙyashin wadatar mugaye, har ya ce a banza ya tsarkake zuciyarsa. Bai ɓoye wa Allah wannan ba, kai ma kada ka ɓoye. Ka karanta zaburar a matsayin addu'arka, har ka kai inda ya ce ya shiga wuri mai tsarki ya ga ƙarshen al'amarin, ya kuma amsa cewa ɗacin zuciya ya mai da shi kamar dabba a gaban Allah. Amma ka yi hattara da abu ɗaya: kada ka sa abokinka a layin mugayen da Asaf ya ambata, domin ba ka gaya mini ya ci haram ba. Wataƙila da guminsa ya samu. Ibrahim mai arziki ne, Lidiya mai sayar da tufafin shunayya ta buɗe gidanta ga Bulus da abokansa a Filibi, Yusufu mutumin Arimatiya mai dukiya ne kuma a kabarinsa aka sa jikin Ubangiji. Abin da 1 Timoti sura 6 ta kira tushen kowace irin mugunta shi ne ƙaunar kuɗi, kuma wannan cuta tana kama mai gidan haya kamar yadda take kama mai gidaje. Ba ka kuma san abin da abokin naka yake kwana da shi ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Lokacin da Bitrus ya ji irin mutuwar da ke jiransa, ya waiwaya ya ga Yahaya ya ce wannan fa, Yesu ya amsa masa da cewa ina ruwansa, shi dai ya bi shi.

Kada kuma ka ɗauki maganata a matsayin izinin naɗe hannu. Gamsuwa da abin da Allah ya bayar daban take da kasala, kuma Littafin da ya hana son kuɗi shi ne ya ce wanda bai kula da iyalinsa ba ya musunta bangaskiya. Shekara 16 a wurin da ake hukunta mutum don ya ƙi ƙarya sun isa ka tambayi kanka ko har yanzu nan ne wurinka. Neman wani aiki ba rashin bangaskiya ba ne. Ka sabunta takardunka, ka duba ko akwai wata jarrabawar ƙwarewa a fanninka da ka daɗe kana ɗagewa, ka gaya wa mutanen da suka san halinka cewa kana nema. Akwai masu ƙananan sana'o'i da ƙungiyoyi da yawa da babbar damuwarsu ita ce samun wanda zai riƙe musu lissafi ba tare da ya ci amanarsu ba, kuma abin da ya tsayar da kai a wancan ofis shi ne ainihin abin da suke nema. Ka kuma riƙa ajiye bayanin duk aikin da ya ratsa hannunka, da kwanan wata, domin wanda ya ƙi shiga cuta a wurin aiki yakan zama wanda ake so a ɗora wa laifi idan asiri ya tonu. Kada dai ka ajiye wannan aikin kafin ka kama wani, kuma kada ka ci bashi don ka yi kama da sa'o'inka.

Zancen shaida a ikkilisiya kuwa, laifin ba naka ba ne kai kaɗai, mu duka muke da hannu. Gode wa Allah don mota ba kuskure ba ne. Amma idan shekara ta zagayo ba a ji wani ya tashi ya ce Allah ya ba shi ikon gafarta wa wanda ya cuce shi ba, ko ya riƙe shi a cikin rashin lafiyar da ba ta warke ba, to muna koya wa matasa, ba tare da mun furta ba, cewa alherin Allah abu ne da ake ajiyewa a gareji. Da wannan ma'auni William Carey, mai gyaran takalma daga Ingila da ya isa Indiya a 1793, ba shi da abin faɗa tsawon shekara bakwai, domin sai a ƙarshen 1800 aka yi wa Ba'indiye na farko baftisma ta wurin aikinsu, a 1812 kuma gobara ta cinye ɗakin ɗab'insu tare da rubuce-rubucen fassara na shekaru. Bulus ma, a wasiƙar da ya ce ya yi yaƙi mai kyau, ya gama tseren, ya riƙe bangaskiya, 'yan ayoyi kaɗan bayan haka yana roƙon Timoti ya taho masa da alkyabbar da ya bari a Taruwasa da littattafansa, ya kuma yi ƙoƙari ya iso kafin lokacin sanyi. Mutumin da ke shelar ya ci tsere ke nan, yana tsare, mutane sun watse sun bar shi a ranar da ya fara kāre kansa a gaban shari'a, yana kuma roƙon a kawo masa abin rufa. Ka sami fastonka a keɓe ka gaya masa yadda waɗannan shaidu suke sauka a kunnen mutum irinka, cikin ladabi, ba da sigar ƙorafi ba. Kai ma kana da shaida: sau biyu aka gwada ka, sau biyu Allah ya riƙe hannunka. Ba sai ka ambaci sunan kowa ko wurin aikinka ba, kuma ka faɗe ta a matsayin alherin da aka yi maka, domin taƙama da tsarki ma wata irin mota ce da ake nunawa.

Na bar zancen matarka zuwa ƙarshe domin shi ne abin da nake so ka fara yi. Ka ce kana ganin gajiya a idonta, amma ba ka ce ka tambaye ta ba. Kai ne ka fassara gajiyar da cewa ta raina abin da kake kawowa, alhali mai yiwuwa abin da ya gajiyar da ita shi ne mijin da ya dawo daga wancan taro ya daina magana, yana zaune a gida amma hankalinsa na kan gidajen wani. Mai yiwuwa kuma gajiyar ta kuɗi ce da gaske, in haka ne kuwa tana da haƙƙin a zauna da ita a duba abin da ke shigowa da abin da ke fita, a yanke shawara tare. Ban sani ba ko ka taɓa gaya mata dalla-dalla abin da ya faru da takardun nan biyu, da abin da ƙin sa hannun ya jawo wa gidanku. Idan ba ka gaya mata ba, tana ɗaukar kaya ba tare da ta san abin da ke ciki ba, sai bango ya tsage kuwa ƙadangare ke samun wurin shiga. Ka zaɓi wani dare a wannan mako, bayan yara sun kwanta, ka ba ta labarin duka, har da na takalmin, sa'an nan ka yi shiru ka saurare ta har ta gama, ku yi addu'a tare. Idan ka yi haka, ka sake rubuto mini abin da ta ce, daga nan mu duba zancen neman sabon aikin.